Labbo Mai Gwanjo da Katunan 'Yan Kulki

Duk wanda ya taɓa shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Jega ya san rumfar Labbo, ko da bai san sunansa ba. Ita ce ta uku daga bakin kwalbati, wadda kwat-kwat ke rataye a gabanta ko zafi ya kai inda ya kai. Mai rumfar dogo ne, siriri, mai giɓi, ya ba shekara hamsin da biyar baya. In ka zauna kan bencinsa minti goma zai ba ka labarin yadda ya shekara ashirin yana gadin shara yana zubar da dukiya. Ba ya jira a tambaye shi, kuma ba ya rage wa kansa komai a labarin.

A Fagada aka haife shi, gidan manoma. Mahaifinsa da yayyensa duk sun iya albasa kamar da ita aka haife su. Shi kuwa, a faɗarsa, shi ne mutum na farko a zuriyarsu da albasa ta ƙi jininsa. Shekarar da aka yanka masa nasa fegi a fadama, ya dinga ba ta ruwa safe da yamma don tausayi, ta ruɓe tun tana ƙasa. Shekara ta biyu ya yi hankali da ruwa, ta yi kyau, sai ya ce shi ba zai sayar da kaka ba, zai ajiye sai ta yi tsada. Ya ajiye, ya manta bai duba rufin ba, ruwan farko ya sauka a kanta. Mahaifin nasa ya kira shi gefe, ba faɗa ba zagi, ya ce, "Labbo, tahi Jega ka biɗi sana'ar abin da ba shi ruɓewa."

Haka ya faɗa gwanjo. Ya yi shekara shida yana ɗaukar wa wani kaya zuwa kasuwannin ƙauye, daga Aliero zuwa Maiyama, kafin ya sami tasa rumfar. A nan ne ya gano cewa akwai abin da Allah ya hore masa: in ya riƙe riga sau ɗaya ya san ko ta ɗaya ce, ko ta biyu, ko tarkace. Ya iya wanki, ya iya guga, ya iya ɓoye ƙaramin huji yadda mai saye ba zai gani ba sai ya kai gida. Ya auri Hamsatu, 'yar Liba, mace marar yawan magana mai ɗinkin hula, suka zauna a wani gida a bayan tashar mota.

A shekarar 2003 ya kwance wata dilar jakunkuna da ta zo masa daga Kwatano. A cikin wata jaka ruwan ƙasa ya sami abu biyu. Na farko wani littafi ne mai aljihunan leda, cike da ƙananan katuna masu sheƙi, sun kai ɗari uku. Na biyu wata tsohuwar ambulan ce ɗaure da roba, a cikinta katuna arba'in da ɗaya, masu duhu, kwalinsu sakwaf kamar na ashana, wasu da tabon gam a bayansu. Kowane kati da hoton namiji sanye da hula mai baki. Wasu sun saɓa kulki a kafaɗa, wasu sun sa wata ƙatuwar safar fata a hannu ɗaya.

Labbo aji huɗu ya tsaya a firamare, don haka rubutun da ke jiki bai taimake shi da komai ba. Ya zauna ya yi nazari da kansa, ya yanke cewa 'yan sintiri ne na ƙasar Turawa, lambobin da ke bayan katin kuma adadin ɓarayin da kowanne ya buge ne. Zancen safar hannu ɗaya bai ba shi wahala ba ko kaɗan. Ɗan gwanjo ne, ya san safa ba ta taɓa zuwa da 'yar'uwarta.

Surajo mai hoto, wanda shagonsa ke kallon rumfar, shi ya gyara masa. Ya ce wasa ne, ya taɓa gani a talabijin, ana jefo ƙwallo mutum ya maka mata sanda. Labbo ya karɓa, amma sunan da ya sa musu ya zauna: 'yan kulki.

Abin ya shige shi yadda shi kansa bai iya bayani. In kasuwa ta yi sanyi sai ya baje su kan tabarma yana jerawa, masu gashin baki gefe guda, masu murmushi gefe guda. Sauran 'yan gwanjo suka gane, duk wanda ya tsinci irin katin a aljihun wando ko cikin jakar makaranta sai ya kawo masa, ya ba shi goro ko safar ƙafa. Ba a jima ba aka naɗa shi Sarkin Kulki, har masu shayi da haka suke kiransa. Wani ya kai tsegumi Fagada cewa Labbo ya koma karta. Babban wansa ya hau babur ya zo takanas, ya zauna ya juya katunan ɗaya bayan ɗaya. Da zai tashi ya ce, "Da karta ta, da na san faɗan da za ni yi maka. Wanga ciwo ban san sunanai ba."

A nan ne gwanintarsa ta shigo. Ya yi wa katunan abin da yake yi wa riguna. Masu sheƙin nan, masu kwali mai kauri da launi garau, ya ce su ne na ɗaya. Na cikin ambulan kuwa ko na uku ba su kai ba, tarkace ne, da gani jabu ne, wani ya kwaikwaya bai iya ba. Da Surajo ya sayo injin manna leda, irin wanda ake rufe takardun makaranta da shi, Labbo ne ya fara buɗe masa kasuwa. Biyar yau, goma jibi, cikin shekara biyu ya rufe duk na ɗayan nan da leda mai ƙarfi, ko cikin kogi aka jefa su ba abin da zai same su. Ya sa aka ƙera musu akwatin katako mai kwado.

Tarkacen kuwa ya sama musu aiki. Kwalinsu na shan biro, don haka yakan rubuta lambar girma a bayansu, ya soke da fil a wuyan kwat mai tsada, yana ganin hakan na ƙara wa kaya kwarjini. Ya ba Hamsatu wasu tana naɗe zaren hula a kansu. Ƙanenta Mamman, manomi a Liba, ya zo ya kwashi goma ya ce zai riƙa yi wa irin albasa alama da su. Labbo har godiya ya yi masa don ya rage masa tarkace.

Shekara ashirin suka wuce a haka. 'Ya'yansa mata biyu suka yi aure, gashin kansa ya yi fari, akwatin ya cika har aka ƙera na biyu.

Wata ranar kasuwa a 2023 wani mutum mai tabarau ya tsaya a rumfar yana neman kwat mai nauyi, zai je taro wata ƙasa mai sanyi. Dakta Zaharaddeen ne, malami a jami'ar Aliero, wanda ya yi karatu a Japan kan yadda ake adana albasa. Labbo ya sauko masa da wata baƙar kwat da ta daɗe a rataye. Mutumin ya sa hannu ɗaya, sai ya tsaya yana kallon katin da ke soke a wuyanta. Ya cire fil ɗin a hankali, ya juya bayan katin, inda Labbo ya rangaɗa lamba arba'in da huɗu da jan biro.

"Baba Labbo, ina ka sami wannan?"

"Wanga? Tarkace na, Dakta. In kana son ganin na ƙwarai, zauna."

Ya jawo akwatin da alfahari ya buɗe kwado. Dakta ya duba guda biyar ko shida, ya mayar, ya koma kan na hannunsa. Ya ce wasan sunansa besbol, a Japan ana son sa sosai, kuma wani abokin karatunsa a can mai tara irin waɗannan katuna ne, ya sha cika masa kunne da zancensu. Ya ɗauki hoton katin gaba da baya da wayarsa, ya ɗauki na masu ledar, ya aika. Ya biya kuɗin kwat ya tafi.

Bayan kwana biyu ya dawo, ya zauna kan benci, ya yi bayani dalla-dalla kamar yana gaban ɗalibai. Masu sheƙin, in ji abokinsa, a Amurka aka buga su wajajen 1990, lokacin da aka buga irinsu bila adadin, kowane gida akwai su, kuma kowa ya adana nasa. Na cikin ambulan kuwa a Benezuwela aka buga su, wata ƙasa a Kudancin Amurka, tun shekarun 1960, don yaran can. Rubutun bayansu ma ba Turancin Ingilishi ba ne. Kaɗan aka buga, kwalin ba shi da kyau, yara sun manna su a littattafai sun yayyaga, waɗanda suka tsira ba su da yawa. Sai ka ga ɗan wasa ɗaya, hoto ɗaya, amma na Benezuwela ya ninka na Amurka daraja sau da yawa, muddin ba a lalata shi ba.

Labbo ya nuna akwatin da haɓa. "To waɗanga hwa, da ni rufe da leda?"

"Ko ba ka rufe su ba, Baba, duka akwatin da ƙyar ya sayi buhun albasa ɗaya lokacin kaka. Da ka rufe su kuma, masu tarawa ba sa karɓar katin da aka manna wa leda."

"Wanga na wuyan kwat hwa?"

"Da ba ka huda shi ba, ba ka yi masa rubutu ba, da an yi magana."

Surajo yana tsaye bakin shagonsa yana jin komai. Ya juya a hankali ya shige ciki, bai sake fitowa ba sai la'asar.

Dakta ya ce zai yi tafiyarsa ta mako uku. Ya ce Labbo ya tattaro duk wanda ya rage cikin arba'in da ɗayan nan, in ya dawo zai ɗauki hotonsu ya aika. Ya ƙara da cewa, har sau biyu, kada a taɓa su.

Washegari Labbo ya rufe rumfa, abin da bai taɓa yi ba sai ranar rasuwa. Ya fara da garin Danwarai, gidan wani tsohon hedimasta da ya sayi kwat a wurinsa shekara goma sha biyu da suka wuce. Tsohon ya karɓe shi da fura, ya saurare shi har ƙarshe, ya sa aka ɗauko kwat ɗin daga ƙasan akwati. Ba kati. Ya ce yana jin tun a mota ya jefar da shi, ya kuma tambayi Labbo cikin natsuwa ko yana samun barci sosai kwanan nan. Labbo ya bi gidaje bakwai a tsakanin Aliero da Jega, ya sha ruwan gida bakwai, bai samo ko ɗaya ba. A gida na ƙarshe ma sai da matar gidan ta tuna masa cewa zip ɗin rigar da ya sayar musu bai kai sati ba ya lalace.

Daga nan ya nufi Liba. Mamman yana gyaran injin ban ruwa, ya ji abin da ya kawo mijin yayarsa, ya ajiye sifana ya yi dariya har da zama a ƙasa.

"Yaya Labbo, kai da bakinka kac ce in kwashe in rage maka datti."

"Na hwaɗi. Yanzu dattin nika biɗa."

Bakwai daga cikin goman an tsaga kara an soke su a bakin fangali tun shekarar farko, rana da gara sun gama da su. Uku sun tsira a cikin wani gwangwanin madara da Mamman ke ajiye iri. Ya ce ba zai bayar ba sai an ba shi rigar ruwa mai hula. Labbo ya yi alkawari, ya karɓi katunan suna warin albasa, ya sa a aljihun gaba, ya riƙa dafa wurin har ya iso Jega.

A gida ya roƙi Hamsatu ta warware zarenta. Ta zauna ta warware kati shida, zare ya taru a cinyarta, ja da kore da shuɗi. Duk sun lanƙwashe, zaren ya yi musu tsaga a gefe. Tara ke nan ya samu.

Ya jera su kan tabarma ya dube su, sai zuciyar ɗan gwanjo ta motsa. Kaya irin wannan, a yamutse, a kai wa mutumin Japan? Shi da bai taɓa rataye riga ba guga ba? Ya tuna Dakta ya ce kada a taɓa, amma ya fassara maganar da cewa kada a lalata, shi kuwa gyara zai yi. Ranar Laraba da hantsi ya hura gawayi, ya cika dutsen guga. Ya goge kowane kati da ɗanyen tsumma don warin albasa ya fita, ya ɗora ƙyalle ya danna musu guga har suka miƙe sumul. Ya ɗauki almakashin Hamsatu ya daidaita gefunan da zare ya cinye. Wani ɗan wasa hularsa ta koɗe, ya cike masa ita da shuɗin biro. Da ya gama ya ja da baya ya dube su, ya ji daɗin aikinsa ƙwarai. Yakan ce a duk rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai tsabta irin na ranar ba.

Dakta ya dawo ranar da ya ce. Labbo ya buɗe masa farin hankici a kan benci. Dakta ya ɗauki ɗaya, ya duba gefensa, ya ɗauki wani ya shinshina. Ya cire tabarau ya goge ido.

"Baba, guga ka yi musu?"

"Kaɗan. Da ɗan aski."

Duk da haka ya ɗauki hotunan ya aika. Amsa ta zo kafin ya gama shan ruwan da aka kawo masa. Katin da ya lanƙwashe, ko mai tabon gam, masu tarawa na saye, don sun san haka na Benezuwela suke zuwa. Wanda aka yanke wa gefe ko aka ƙara wa launi kuwa ya tashi daga tsohon abu ya koma gyararre, darajarsa ta zube ƙasa. Abokin ya ƙara da tambaya, cikin ladabi, ko wane ne ya yi wa mai shuɗiyar hular nan haka, don a cikin taran shi ne fitaccen ɗan wasa.

Labbo ya koma gida da la'asar, ya zauna a gindin darbejiya bai ko cire takalmi ba. Ya kwashe komai ya gaya wa Hamsatu. Tana ɗinkinta ba ta ɗago ba har ya kai ƙarshe.

"Malam, wato wanda ba a taɓa ba suka so?"

"Shi na."

Ta soke allura a jikin hular, ta shiga ɗaki, ta fito da tsohon madubinta na aure mai katako. Ta juya bayansa, ta tanƙwara ƙusoshi huɗu da bakin almakashi, ta ɗaga kwalin baya. Ga kati kwance a jikin gilashin, miƙe, gefunansa cif, launinsa bai ga rana ba. Ta ce tun shekarar da ya ba ta su gilashin ke motsi, ta sa ɗaya ta tokare shi.

"Kina da wanga, ina ta yawon ƙauyuka, ba ki hwaɗa mini ba?"

"Na so in hwaɗi ranar Laraba. Sai nig ga kana hura gawayi."

Ya miƙa hannu zai karɓa. Ta janye, ta ce a kira Dakta ya zo ya ɗauka da kansa.

Zancen ya ɗauki wata biyar. Dakta ya sa katin tsakanin kwali biyu, ya ba wani abokin aikinsa da zai yi tafiya, aka kai wa masu tantancewa. Suka ce na gaske ne, yanayinsa matsakaici, ɗan wasan da ke jiki kuma ba wani shahararre ba ne, ya yi 'yan shekarunsa an manta da shi. Labbo ya riga ya fara tambayar kuɗin kujerar Makka a ɓoye, ya daina. Abin da ya zo ya ishi Hamsatu sayen keken ɗinki sabo da tumaki biyu. Da Labbo ya kawo maganar cewa shi ne dai ya kwance dilar tun farko, ta ce gaskiya ne, ta ɗinka masa hula mai aiki sosai, ta ce wannan ce ladarsa. Ita yake sawa ranar Juma'a. Mamman ya zo ya karɓi rigar ruwansa, ya zaɓi wadda ta fi kowace tsada.

Taran da aka yi wa guga suna nan, Labbo ya ba su aljihu na musamman, su yake fara nuna wa baƙo kafin ya shiga labari. Bai daina tarawa ba. 'Yan layin na kawo masa in sun tsinta, sai dai yanzu sukan ɗaga katin sama su tambaye shi ko wannan na guga ne ko na leda.

Kwanan baya Dakta ya biyo ta kasuwa, ya ce bai kamata mutum ya shekara ashirin da mutane bai taɓa ganin aikinsu ba. Ya jingina wayarsa jikin tulin wanduna ya kunna masa wasan. Labbo ya gyara zama, Surajo ya jawo kujera. Suka ga wani ya tsaya da ƙwallo yana kallon wani, wanin ya tsuguna yana yi masa alama da yatsu. Aka jefa, mai kulki bai motsa ba. Aka sake jefawa, ya kai duka ya sami iska. Can gefe wasu mutum uku na tsaye cikin ciyawa, ɗaya yana tauna wani abu. Aka daɗe a haka. Labbo ya yi haƙuri har ya gaji, ya karkata wajen Dakta ya tambaye shi a hankali yaushe za a fara.

Dakta ya ce an yi rabin awa da farawa.

Labbo ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kallo har aka tashi, don kada ya ba baƙonsa kunya.